FoalWatch, takardar gwajin tsami da ƙararrawar ragama: wanne ke da amfani ga mai jiran haihuwar ƙanƙanuwar goɗiya?

Masu kiwon ƙanƙanan dawaki a Amurka sukan shafe makonni suna kwanan zaune duk lokacin da goɗiya ta kusa haihuwa. Ba kuru muke nufi ba, waɗannan sun fi kuru ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙungiyar AMHA ta masu ƙanƙanan dawaki a Amurka, wadda aka kafa a 1978, ba ta yi wa doki rajista idan ya haura inci 34, wato santimita 86, a aune daga ƙasa zuwa gashin ƙarshe na geza. Ɗaya ƙungiyar, AMHR, tana karɓa har inci 38. Duƙushin da ake jira kuwa yakan faɗo da nauyin kilo 7 zuwa 11, mutum ya rungume shi kamar ɗan akuya.

Abin da ke hana masu su barci a fili yake. Babbar goɗiya takan ɗauki ciki kwana 340 ko kusa da haka, ƙanƙanuwa kuwa ta fi saurin sauka, sau da yawa tsakanin kwana 320 da 330, wata ma tana haura 300 kaɗan sai ta haifi ɗa lafiyayye. Mafi yawansu da dare suke haihuwa, kuma daga fashewar faya zuwa faɗowar ɗa bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Ga matsatsin ƙugu, ga ɗa mai babban goshi, shi ya sa tangarɗar naƙuda ta fi yawa a cikinsu. Akwai kuma abin da ya fi komai ƙona rai: ɗan ya fito lafiya lau, amma jakar da ke lulluɓe da shi ba ta yage ba saboda ba shi da nauyi da ƙarfin da zai keta ta, sai ya shaƙe a ciki cikin 'yan mintoci, alhali yatsa biyu sun isa su cece shi.

Kayan da ake sayarwa don wannan jira kashi biyu ne, masu gwada ruwan hantsa da masu tashin mutum daga barci. Za mu fara da na gwaji, domin a nan ne aka fi yin kuskure.

FoalWatch kamfanin CHEMetrics na jihar Bajiniya ne ke yin sa. Yana auna yawan kalsiyam da ke cikin ruwan hantsa, wanda ke hauhawa idan haihuwa ta matso. Akwatin na zuwa da 'yan siraran kwalaben gilashi masu ma'auni a jiki, kowace ta gwaji ɗaya, da kofin haɗi, da sirinji, da ruwan launi. Ana tatso mililita 1.5, a haɗa da mililita 9 na tataccen ruwan ɗakin gwaji wanda babu ma'adini a cikinsa, wato kashi 1 na ruwan hantsa da kashi 6 na tataccen ruwan. A ɗiga ruwan launin, a ɓalle bakin kwalbar, a bar ta tana zuƙar haɗin kaɗan-kaɗan ana jujjuyawa, har launin cikinta ya koma shuɗi. Sai a tsayar da ita a karanta lambar da ruwan ya kai. Lambar da ake sa wa ido ita ce 200 ppm, wato kashi 200 cikin miliyan. Bisa alƙaluman da aka saba kawowa, idan sakamakon bai kai 200 ba, kusan sau 99 cikin 100 goɗiyar ba za ta haihu cikin awa 24 ba. Idan ya haura, mafi yawa sukan haihu cikin kwana 3, amma waɗanda ke haihuwa a daren farko kusan rabi ne kawai.

A lura da wannan sosai, domin shi ne ainihin amfanin kayan. Gwajin ya fi iya gaya maka daren da ba za ta haihu ba fiye da daren da za ta haihu. Mai sayensa yana sayen barci ne na dararen da babu komai, don ya sami ƙarfin tsayuwa a dararen da ke da haɗari. Wanda ya saya da tunanin za a ce masa ƙarfe kaza za ta kwanta, zai yi ta ƙorafi a banza.

Abin yabo a FoalWatch shi ne lamba yake bayarwa, ba launin da ido zai yi ta canka ba. Idan ana rubuta sakamako kullum, a ce 80, 100, 125, 175, za a ga hawan da ido. Aibinsa kuwa ga ƙanƙanuwar goɗiya babba ne: mililita 1.5 ba abin wasa ba ne a hantsar da ba ta fi dunƙulen hannu ba. Goɗiya mai cikin fari sau da yawa ɗigo 2 ko 3 kawai take bayarwa har ranar haihuwa, wata ma ko kusantar hantsar ba ta yarda a yi. Idan aka rage ruwan hantsa ba a rage ruwan haɗi daidai gwargwado ba, sakamakon ya lalace. Idan aka yi amfani da ruwan famfo ko na rijiya, kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan zai ɗaga lambar, mutum ya yi ta kwanan zaune babu dalili. Haka ma kofin da aka ɗauraye da ruwan famfo ba a bari ya bushe ba. Sannan kowace kwalba sau ɗaya take aiki, wanda ya fara gwaji da wuri sai akwatin ya ƙare masa tun ba a je ko'ina ba.

Saboda haka a ganinmu takardar gwajin tsami, mai auna pH, ta fi dacewa da waɗannan dawaki. Ɗigo ɗaya ya ishe ta, kuma ba a sirka shi da ruwa. Ana ɗiga ruwan hantsa kai tsaye a kan ɗan murabba'in takardar, a jira iya sakan ɗin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a kwatanta launin da na jadawalin. Makonni kafin haihuwa lambar takan tsaya sama da 7.4. Idan lokaci ya matso sai ta gangaro, 7.2, 6.8, har 6.4 ko ƙasa. Wani bincike da aka yi a Japan kan manyan goɗiyoyin sukuwa, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa 6.4 ce iyakar da ta fi amfani: muddin lambar na sama da ita, da wuya a haihu a wannan daren, idan ta kai nan kuwa, kusan duka sukan haihu cikin kwana 3. A ƙanƙanan dawaki gangarowar kan zo da sauri, goɗiyar da ta nuna 7.2 da safe tana iya nuna 6.4 bayan magariba. Da zarar lambar ta fara motsi, a koma gwaji sau 2 a rana, kuma na yamma shi ne mai muhimmanci.

Da yawa sukan sayi takardar gwajin ruwan tafkin ninƙaya saboda araha, kuma tana aiki, amma sai an duba jadawalinta kafin a biya kuɗi. Wasu daga 6.8 suke farawa, ke nan daidai wurin da ake bukatar gani ne babu. A nemi wadda ta sauka zuwa 6.2 ko ƙasa, mai ƙananan matakai tsakanin launi da launi. A karanta ta a farin haske, domin a ƙarƙashin kwan lantarki mai ja-ja, launin ruwan lemo da rawaya duk ɗaya suke zama. Zafi da laima suna kashe takardar, don haka ba a barin gwangwanin a buɗe ko a ajiye shi a tagar barga. Kada yatsa ya taɓa murabba'in, gumi kaɗai ya isa ya sauya launi. Wannan gwaji ba na ƙanƙanan dawaki kaɗai ba ne, mai babbar goɗiya a turke ma zai amfana da shi, tunda asali a kan manyan aka yi binciken.

Ko babu takarda, shi kansa ruwan yana magana. A ɗiga shi a kan baƙin abu, kamar bayan wayar hannu. Da fari garai yake kamar ruwa, da ɗan rawaya. Sai ya yi kauri ya yi danƙo, idan aka murza tsakanin yatsu biyu aka buɗe ya ja zare kamar zuma. Daga nan ya yi hazo-hazo, daga ƙarshe ya koma fari, baƙin da ke ƙarƙashinsa ya daina gani. Kan nonon da ke kallon juna sai su cika su kalli ƙasa, hantsar ta yi tauri da sheƙi, ta daina saɓewa ko da goɗiyar ta yini tana yawo. Naman gindin wutsiya ya yi laushi, a ɗaga wutsiyar a ji babu turjiya. Ɗan daskararren dakashi da ke maƙalewa a kan nono, wanda masu manyan dawaki ke dogara da shi, ƙanƙanan goɗiyoyi da yawa ba sa yin sa sam.

Akwai inda duka gwaje-gwajen biyu ke ɓatar da mutum. Idan mabiyiya ta kamu da ciwo tun ɗan na ciki, hantsa kan cika tun kafin lokaci, kalsiyam ya hau. Goɗiyar da ta yi hantsa a kwana 270 ko 280, musamman idan wani ruwa na fita daga farjinta, likitan dabbobi take bukata a ranar, ba takardar gwaji ba. Idan kuma nono ya fara zuba da kansa yana jiƙa ƙafafun baya kafin haihuwa, dakashi ne ke tafiya a banza. A tara shi a kofi mai tsabta a daskarar, ranar bukata a narkar da shi a ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba.

Sai masu tashin mutum. Breeders Alert 'yar na'ura ce da ake sa wa a jaka a ɗaure ƙarƙashin ragama. Idan goɗiya ta kwanta ta miƙe a gefenta, kai a ƙasa, na wasu sakanni, sai ta aika saƙo ƙararrawa ta kaɗa. Dabarar mai sauƙi ce, tunda mafi yawan goɗiyoyi haka suke kwanciya idan za su yi nishi. Matsalarta ita ce ƙanƙanan dawaki suna son barci a miƙe, mai tsohon ciki tana iya tashin mutum sau da yawa a dare ɗaya. Haɗarin ba gajiyar ba ce, haɗarin shi ne mutum ya saba har ya kashe ƙarar ya juya. Maganin wannan shi ne kyamara a barga, mai gani a duhu, a kafa ta a kusurwar sama yadda babu lungun da ya ɓuya. Ƙararrawa ta kaɗa, a dubi allo: idan barci take, numfashi a hankali, a koma. Idan ƙafafu sun sandare, wutsiya a ɗage, ciki na matsewa, a ruga. Ragamar ta zama mai tsinkewa idan ta maƙale, ta kuma zauna daidai, domin idan ta yi sako-sako jakar kan juya gefe ta yi ta ƙarar ƙarya ko ta yi shiru. A gwada batir kowace yamma ta hanyar karkata na'urar da hannu. Sannan a san cewa wata goɗiyar a tsaye take fara nishi, wata a durƙushe, na'urar ba za ta ce komai ba.

Foalert kuwa wata 'yar na'ura ce da likita ke ɗinke ta a leɓɓan farji, mako 1 zuwa 2 kafin lokaci. Idan leɓɓan suka buɗe, ɗan maganaɗisun da ke jikinta ya zare, sai ta kira. Ƙarar ƙaryarta kaɗan ce, sai dai idan goɗiya na goga gindi a bango. Amma mun fi ɗari-ɗari da ita a kan ƙanƙanan dawaki, saboda tana jiran wani abu ya iso ƙofa ne. Idan ɗan ya zo a karkace, kai ya lanƙwashe baya ko ƙafafu sun naɗe, babu abin da zai buɗe leɓɓan, goɗiya na ta wahala na'ura na shiru. Irin wannan tangarɗa kuwa ita ce ake tsoro a wannan jinsi. Wanda zai zaɓi ɗaya, ya ɗauki ta ragama ya haɗa da kyamara.

Duk waɗannan ba su da amfani idan mai jiran ba zai isa barga cikin minti 2 zuwa 3 ba, ko ya isa bai san abin da zai yi ba. Abin da ya kamata a gani bayan fashewar faya shi ne farar jaka mai shuɗi-shuɗi, a cikinta kofato biyu, ɗaya gaba da ɗaya kaɗan, tafinsu na kallon ƙasa, hanci a kwance a kansu. Kai na fitowa a yage jakar a share hanci. Idan tafin kofato na kallon sama, ko dai ƙafafun baya ne ko ɗan a rigingine yake. Idan ƙafa ɗaya ce, ko kai babu ƙafa, ko minti 10 sun wuce ana nishi babu ci gaba, a kira likita nan take, a tayar da goɗiyar a riƙa zagayawa da ita don nishin ya lafa kafin ya iso. Idan za a taimaka da ja, a riƙe ƙafafun sama da kofato, a ja lokacin da take nishi kawai, a karkata ƙasa wajen dugaduganta. Ba a sa ƙarfin mutum biyu a kan dabba mai wannan ƙanƙanta.

Idan kuwa abin da ya leƙo ja ne wur, mai laushi kamar karan-miski, mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun ɗan bai fito ba, kuma iskarsa ta yanke ke nan. Nan ba a jiran likita. A keta jar jakar da almakashi mai dakusasshen baki ko da yatsu, a lalubo farar jakar a ciki, a yage, a fito da ɗan. Shi ya sa almakashi, tawul, safar hannu da man santsi suke rataye a ƙofar barga tun kwana 300, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan haihuwa ana bin ƙa'idar 1, 2, 3: ɗa ya miƙe cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. Ba a jan mabiyiya, a ɗaure ta kawai kada a taka. Idan ta wuce awa 3 lamarin gaggawa ne, domin ragowarta na jawo ciwon mahaifa da kumburin cikin kofato. Idan ta faɗo a shimfiɗa ta a ƙasa a duba ƙarshen rassanta biyu ko wani yanki ya saura a ciki. Cibiya a bar ta ta tsinke da kanta, a tsoma guntun a ruwan kulohezidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, sau 2 ko 3 a rana na kwanakin farko. Hanjin ɗan yana daina ɗaukar garkuwar da ke cikin dakashi kafin ya cika awa 24, don haka a sa likita ya gwada jininsa tsakanin awa 12 da 18, ana son garkuwar ta haura miligiram 800 a kowace desilita. A shimfiɗa busasshen karan alkama maimakon diddigar katako mai toshe hanci, a ɗaga bokitin ruwa sama, domin duƙushi mai wannan ƙanƙanta yana iya faɗawa ciki. Uwar kuma idan ta ƙi abinci na yini guda, kafin haihuwa ko bayanta, kada a yi sakaci: kitse kan malalo cikin jinin ƙanƙanan dawaki ya lalata hanta, kuma yana kisa.

Akwai gwajin da muka fi ba muhimmanci a kan duk waɗannan, kuma wata 11 kafin su ake yin sa. Masu bincike a Jami'ar Kentaki sun gano sauye-sauye guda 4 a ƙwayar gado mai suna ACAN, waɗanda ake kira D1, D2, D3 da D4, masu sa a haifi wada a wannan jinsi. Dokin da ke ɗauke da kwafi ɗaya lafiyarsa ƙalau, ido ba zai gane ba, kuma a samfurin da suka duba kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi. Idan aka haɗa mai ɗauke da mai ɗauke, kowane ciki na da haɗarin kashi 25 cikin 100. Wada ba ƙaramin doki mai ban sha'awa ba ne. Ƙafafu a karkace, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, hanyar numfashi a matse, ciwon gaɓoɓi har ƙarshen rai. Waɗanda suka haɗa da D1 yawanci ko rayuwa ba sa yi, ciki ne ke zubewa ko a sha baƙar wahala wurin fitar da su. Gwajin kuwa gashi ne kawai ake tsigowa daga geza ko wutsiya, da saiwarsa, a sa a ambulan a aika. Gashin da aka yanke da almakashi ba ya aiki. Masu dabbare-dabbaren fata kuma a ƙara musu gwajin gadon nan da ke sa a haifi ɗa fari fat mai mataccen hanji, wanda ba ya wuce 'yan kwanaki.

Gwajin gashi bai ɗauke sauran hukunci ba. Ba a kai goɗiya baye kafin ta cika shekara 3. Namijin kada ya fi ta girma ko kaurin ƙashi, kuma a dubi haƙoran duka biyu da miƙewar ƙafafunsu. Neman mafi ƙanƙanta ido rufe shi ne ya yaɗa gadon wada tun farko. A rubuta ranar baye, domin wanda ya saki namiji cikin garke duk shekara ba shi da ranar da zai fara ƙirga 300 daga gare ta, takardun gwajinsa za su ƙare yana lalube. Waɗannan dawaki sukan kai shekara 30, kuma ƙungiyoyin ceton dabbobi a Amurka na karɓar waɗanda aka haifa don sha'awa aka rasa mai riƙe su, saboda haka a san inda ɗan zai zauna tun kafin a yi cikinsa. Idan namiji aka samu kuma ba na iri ba ne, a dandaƙe shi, a kuma raba shi da mata tun bai cika shekara ba, domin ɗan shekara guda yana iya yi wa uwarsa ko 'yar'uwarsa ciki.